Shafin da Ya Ƙi Gyaruwa

Ƙanƙara,
9 ga Satumba, 2006.

Zuwa ga jikata Mansura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Nasir da yara. Ina fata ruwan bana bai yi muku ɓarna a Sabuwa ba. Ni nan ya ci mini katangar bayan gida, ban kuma tayar ba. Jiki da sauƙi, ban da gwiwa, sai kunnen hagu da ya biyo ni ritaya.

Kada ki yi ta juya takarda kina neman mai ita. Abdulƙarim ne, tsohon hedimasta. Ni da kakanki Alhaji Jabiru na Damari 'ya'yan wa da ƙane ne. Rabona da ke tun ɗaurin aurenki, ran nan ma daga ƙofar gida na juya. Ba zan ce kewa ce ta sa na ɗauki biro ba. Buƙata ce.

Kin san ƙungiyar zumuncinmu za ta yi taro a Ruwan Godiya ranar uku ga ƙaramar Sallah. Sun ɗora mini rubuta tarihin zuriyar kakanmu Malam Gide, za a buga a raba wa kowane gida. Na rubuta, shafi ɗari da goma sha ɗaya. Da yatsuna goma na buga shi, don na koyi tafireta a zamanin da ake koya wa mutum abu har ya iya. A shagon Lawwali nake aikin, wani tsohon ɗalibina mai hoto da fotokofi a bakin kasuwa. Da na gama a watan Yuli, ma'aikacinsa ya zuba mini shi a faifan sidi, ya ce irin wanda ake sake rubutu a kai ne. Ma'aikacin ya koma Kaduna. Lawwali kuwa a aji shida bai iya raba goma gida biyu ba, kuma ban ga ya ƙaru ba.

Akwai shafi ɗaya da dole in gyara. Na sa faifan, na buɗe, na gyara, na ce ta ajiye. Sai ta rubuto mini da Turanci wai wannan fayil na karatu ne kawai. Turancin na ji shi, ba fassara nake nema ba. Ranar Laraba na zauna tun hantsi har azahar, janareta na kuka a bayana, sau bakwai ina gyarawa tana ƙi. Duk sanda na sake buɗewa sai in tarar da tsohon shafin zaune daram, kamar ban taɓa shi ba. In faifan na sake rubutu ne, me ya hana shi karɓa? Ko shi ma irin kayan zamanin nan ne, suna a jiki, ciki babu komai?

Shamsu, sakataren ƙungiya, zai zo daga Faskari ranar goma ga azumi ya karɓi faifan ya kai wa mai ɗab'i a Funtuwa. An ce kin yi difloma a kwamfuta, ke ke buga jarrabawar makarantarku. Ki ba direban da ya kawo wannan takarda amsarki, a tashar Funtuwa zai miƙa wa motar Ƙanƙara. Ba ni da wayar hannu, ba kuma zan saya in riƙa ihu a titi ba.

Kakanki,
Abdulƙarim.


Sabuwa,
14 ga Satumba, 2006.

Zuwa ga angona da ya gudu,

Wa alaikumus salam, Kaka Malam. Ashe kana nan? Shekara shida ba leƙe, sai da faifai ya juya maka baya ka tuna kana da mata a Sabuwa. Na yafe, don na ga tsufa ya fara rama mini. Duk muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi ta warke. Malam Nasir na gaishe ka, ya ce in gaya maka bai ji tsoron kishiyarsa mai gwiwa ɗaya ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Faifanka lafiyarsa lau, kwamfutar Lawwali ma haka. Kai ne ke son yin surfe a cikin buhu. Faifai buhu ne, ɗauka kawai yake yi. Sai an juye a turmi, wato cikin kwamfuta, a yi aikin a can, sannan a mayar. Duk abin da ya hau faifai, kwamfuta kan sa masa alamar karatu kawai, kuma ko ka sauke shi alamar na biye da shi sai ka cire ta da hannunka. Shi ya sa ko sau ɗari ka gyara a kan faifan ba zai zauna ba.

Amma don Allah ka hutar da kanka. Ka naɗe faifan a takarda mai kauri ka ba direba, ka rubuta mini gyaran da lambar shafi. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama, in mayar maka. Ni ma in samu in riga kowa karanta tarihinmu, in ga ko ka sa sunana a cikin matanka.

Taka har kullum,
Mansura.


Ƙanƙara,
20 ga Satumba, 2006.

Mansura,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta yi kwana biyar a hanya. A 1960 wasiƙa daga Katsina zuwa Zariya kwana biyu take yi, a mota da keke. Allah ya ƙara wa yarinyar lafiya. Gwiwa tana nan.

Bayaninki na buhu ya shiga. Da haka malaman yanzu ke bayani da ba mu lalace ba. Sai dai abu biyu.

Na farko, kin ce in juye rubutuna a kwamfutar Lawwali. Wannan na'ura duk kasuwa ke hawanta, masu katin biki, masu takardar koke, har masu neman kansila. Ƙa'idata ita ce ba na barin ko harafi ɗaya a cikinta. In na tashi sai na goge, na bi kwandon sharar na zubar. A 1981 na bar littafin lissafin da na rubuta wa 'yan firamare a teburin wani ofis na kwana uku. Bayan shekara biyu na gan shi a kasuwa da sunan wani a bango. Sau ɗaya ake yi mini irin wannan. In juyewar dole ce zan yi, amma ki tabbatar mini zan iya gogewa a zaman nan kafin in miƙe. Kuma kada ki ce in goge faifan kansa, shi kaɗai gare ni.

Na biyu, faifan ba zai zo Sabuwa ba. Ba zai shiga hannun kowa na gidan Alhaji Jabiru ba sai na gama abin da nake yi. Kada ki tambaye ni dalili.

Ki rubuto matakan ɗaya bayan ɗaya, da lamba, kamar kina koya wa ɗan aji ɗaya. Saura kwana goma sha biyu. Ba na iya zama wuri ɗaya, jiya sau uku na je tasha.

Abdulƙarim.


Sabuwa,
25 ga Satumba, 2006.

Zuwa ga Malam Abdulƙarim,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Muna lafiya.

Na karanta, na kuma gane. Ban san har yanzu hannun 'yan gidanmu bai isa ya taɓa kayanka ba. Tun ina yarinya na san ba ka gaisawa da Alhaji, na ɗauka abin ya tsaya a tsakaninku ku manya. Tunda ka jera ni da ɓarawon littafinka a takarda ɗaya, shi ke nan. Ga abin da ka nema.

1. Ka sa faifan, ka buɗe shi, amma kada ka buɗe fayil ɗin. Ka ja shi da maus ka sauke a fuskar kwamfuta.
2. Ka danna wanda ka sauke da maɓallin dama, ka zaɓi na can ƙasa, Properties. Za ka ga ƙaramin akwati da alama a gefen Read-only. Ka cire alamar, ka danna OK.
3. Ka buɗe shi, ka yi gyaranka, ka ajiye. Zai karɓa.
4. Ka ja wanda ka gyara ka mayar cikin tagar faifan. Ba sai ka goge faifan ba, sabon zai hau kan tsohon tunda sunansu ɗaya.

Daga nan ka goge na kwamfutar, ka zubar da shara, ka wanke hannu in kana so.

Mansura Nasir.


Sabuwa,
27 ga Satumba, 2006.

Malam,

Sallama, a gaggauce. Rai a ɓace na rubuta waccan, na tsallake mataki na biyar, kuma shi ne babba. Yau ina ɗora wa shugabanmu jarrabawa a faifai na tuna.

In ka ja fayil cikin tagar faifan, bai hau ba tukuna. Za ka gan shi a ciki da 'yar kibiya a jikinsa, har ka buɗe ka ga gyaranka, amma a ɗakin jira yake, cikin kwamfuta. Sai ka danna rubutun da ke gefen hagu, Write these files to CD, ka jira ta gama ta turo faifan waje da kanta. In ba haka ba tsohon ne a kai.

Kada ka ba Shamsu sai ka yi wannan. Na nemi lambar Lawwali ban samu ba, nan ma sabis sai an hau tudu. Allah ya sa ta riske ka da wuri.

Mansura.


Ƙanƙara,
3 ga Oktoba, 2006.

Zuwa ga Mansura,

Assalamu alaikum, barkanmu da ibada. Azumi na ba ni wuya bana, amma ina riƙe.

An gama. Matakanki huɗu na bi su kamar mai bin liman. Da na cire alamar nan na ce ta ajiye, ta ajiye ba gardama, sai da na tashi tsaye a shagon. Lawwali ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Lafiyar da ba ka taɓa samu a lissafi ba." Na mayar cikin faifan, na buɗe daga can sau uku, sau uku ina ganin gyarana. Na danna na fitar da faifan, na goge na kwamfuta, na zubar da shara. Wani ɗan rubutu ya yi ta leƙowa a lungun allo, ban kula shi ba, na'urar nan ba ta rabuwa da surutu.

Shamsu ya zo jiya da hantsi ya karɓa. Kwafi tamanin za a buga.

Na ga na tashi daga ango na koma Malam Abdulƙarim. Kin yi wa maganata fahimtar da ba ita ba ce. Ban haɗa ki da ɓarawo ba. Akwai dalili, kuma yanzu dalilin ya mutu, babu wanda zai sake ganinsa. In mun haɗu a Ruwan Godiya zan ba ki kwafi da hannuna. Na sa sunanki a shafi na casa'in, da na 'ya'yanki. Na gode. Ba kalma ce da na saba rubutawa ba, ki adana takardar.

Kakanki,
Abdulƙarim.


Ƙanƙara,
9 ga Oktoba, 2006.

Mansura,

Sallama. Ban san yadda jikina yake ba, ban tsaya na duba ba.

Takardarki ta 27 ga wata jiya ta zo. Kwana goma sha ɗaya tana aljihun wani ɗan kamasho a Funtuwa. A tsaye na karanta ta a tasha, ban koma gida ba na wuce shagon Lawwali. Yana kunna na'urar rubutun nan ya leƙo. Ya ce, "Ai Malam tun ran da ka tafi yake fitowa, na ɗauka cuta ce ta kama ta." Muka danna. Ga gyarana zaune a ɗakin jiran da kika ce. Ni mai zubar da shara, mako guda na bar shi a tsakiyar kasuwa, faifan kuma ya tafi da tsohon.

Lawwali ya kira Shamsu. An buga, an ɗinke, kwali biyu suna zaurensa a Faskari. Mai ɗab'in ya ce ko uwarsa ce ta zo ba zai sake ɗora wani aiki kafin Sallah ba, fastocin 'yan siyasa sun cika masa shago.

Yanzu dole in gaya miki abin da na hana ki tambaya.

A 1963 na ci jarrabawar tafiya Ingila karatun malanta. Mu uku ne a lardin nan. Aka ce a jira takardar kira. Mahaifina ya rasu, Alhaji Jabiru ne babba a gidanmu na Ruwan Godiya, duk wasiƙa ta hannunsa take biyowa. Na jira wata huɗu. Da na je Katsina bincike aka ce an aiko tun tuni, ban amsa ba, an ba wani. Na dawo na tsaya a tsakar gida ina tambaya, kakanki ya fito ya ce, "Ni na riƙe ta." Bai ƙara ko kalma ba. Biyun da suka tafi, ɗaya ya zama babban sakatare, ɗaya alƙalin babbar kotu. Ni na ƙare ina ƙirga kujerun da suka karye a firamare.

A shafi na sittin da biyu na rubuta wannan, da sunansa, na ce hassada ce. Na zaɓi kalmomin da kyau, shekara arba'in da uku ina wasa su.

A watan Agusta na je Mabai na karanta wa yayata Hajiya Adama littafin. Da na kai wurin ta ce in tsaya. Ta ce takardar a hannun mahaifiyarmu ta faɗa, Inna Barakatu, ranar kakanki yana kasuwar Faskari. Ta sa aka karanta mata. Ni kaɗai ne ɗanta namiji, an kuma gaya mata wanda ya haye teku ba ya dawowa da sallarsa. Ta sa ta a murhu, Adama na tsaye. Da kakanki ya ji, ya ce kada wanda ya faɗa mini, gara in ƙi shi da in ƙi uwata.

Shi ya sa ban aiko miki faifan ba. Kunya ce, ba ƙyama ba.

Ga roƙona. Na sa miki gyararren shafin da na sittin da ɗaya a cikin ambulan, Lawwali ya fitar mini. Za ki ga na cire sakin layin gaba ɗaya, babu sunan kowa. Ki buga mini shi gaba da baya, sittin da ɗaya da sittin da biyu, guda tamanin, daidai girman littafin. Injin Lawwali ba ya iya wannan. Zan bi kowane kwafi da reza in yanke ganyen in manna sabo. Babu wanda zai lura. Saura kwana goma sha shida.

Abdulƙarim.


Sabuwa,
15 ga Oktoba, 2006.

Kaka Malam,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kuskuren mataki na biyar nawa ne, ka yafe mini. Fahimtar da na yi wa maganarka ma haka.

Amma ba zan buga ganyen ba.

Na karanta gyaranka sau biyu ina neman inda aka gyara. Cirewa kawai ka yi. Kaka, wa kake ɓoye wa? Akwai wanda zai zauna a taron nan da bai taɓa jin labarin daga bakinka ba? Ina aji huɗu wata 'yar gidanku ta ce mini jikar mai baƙin ciki, a gidan biki, gaban mutane. Babana har ya rasu ba ya zuwa sabgar Ƙanƙara. In ka manna farin shafi, littafi ya yi shiru, mutane su ci gaba da abin da suka sani. Kanka ka wanke, ba Alhaji ba.

Ranar Juma'a na je Damari. Ka san idonsa ya tafi shekara uku ke nan. Na same shi a zaure ana ɓare masa gyaɗa yana lalube yana tayawa. Na sallami mutane na gaya masa komai, har da faifan. Da na gama sai ya ce, "Wa ya hwaɗa mishi? Adama ko? Bakin Adama tun tana yarinya ba shi da marfi."

Na ce, "Alhaji, so yake ya gyara."

Ya ce, "Shi gyara mi? Ki ce mishi kada shi kuskura shi sa sunan Inna Barakatu a takarda, ko shi hurta shi a taro. Ita ta goye ni da uwata ta rasu. Na yi mata alkawari tana da rai, ba ni warware shi tana kabari. A bar littahin yadda yake. Ni na saba."

Na ce ni ban saba ba. Ya yi dariya ya ce, "Ke da mijin naki na Ƙanƙara duk zuciya gare ku." Sai ya tambaye ni ko har yanzu kana tafiya da sauri kamar ana bin ka.

To ga shi nan. Shi ya hana a ambaci Inna. Ni kuma ba zan taya ka shafe magana a ɓoye ba. Yadda za ka haɗa biyun ban sani ba, kai ne mai ilimin. Wannan ba ta da mataki na ɗaya da na biyu.

Ba zan zo Ruwan Godiya ba. Ba zan iya zama ana miƙa wa kowa littafin nan kakana yana zaune ba ya gani ba. Malam Nasir zai rako shi.

Mansura.


Ƙanƙara,
28 ga Oktoba, 2006.

Zuwa ga jikata Mansura,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaida yara. Hannun dama ya kumbura, za ki ga rubutun ya canza. Maigidanki zai ba ki labari, amma shi mutum ne mai rangwame, gara ki ji daga gare ni.

Takardarki ta ba ni haushi kwana biyu. Na rubuta miki amsa mai zafi na yaga. Na sayi reza, na je wani shago a Malumfashi da aka ce suna buga gaba da baya, na kai ƙofa na juyo. Na yi ta zagaya gari da azumi a bakina har mutane suka fara tambayar ko wani abu na ɓatar.

Ana saukowa daga idi na hau motar Faskari. Na ce Shamsu ya kawo kwalayen, ya ba ni tabarma, ya ja mini ƙofar zaure. Na fitar da jan biro da rula. A aikin gwamnati na da, in ka yi kuskure a rajista ba a yarda ka kankare ko ka yage ba. Layi ɗaya za ka ja a kai yadda kowa zai iya karanta abin da ka soke, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu da kwanan wata. Wanda ya kankare, shi ake tuhuma. Na koya wa malamai wannan shekara talatin, ban taɓa zaton da ni ake ba.

Layi tara ne a sakin. Na soke su a kwafi tamanin. A gefen kowanne na rubuta: "Wannan ba gaskiya ba ne. Alhaji Jabiru bai riƙe mini takarda ba. Na zalunce shi, shi da gidansa, shekara arba'in da uku." Na sa hannu. Yini biyu na yi. Shamsu ya leƙo ya karanta ɗaya, ya ce, "Baba, ai ka ɓata littafin." Na ce ya je ya kawo mini ruwa.

Ranar taro an yi rumfa a ƙofar tsohon gidanmu, maza sun fi ɗari, mata na jiyowa daga soro. Kakanki na gaba a kan kujera. Shamsu ya so a raba littafin a ƙarshe, bayan addu'a, kowa ya tafi da shi. Na karɓe lasifikar. Na ce a buɗe shafi na sittin da biyu. Na karanta layi taran nan da ƙarfi, yadda na rubuta su, har kalmar hassada. Ban taɓa jin muninsu ba sai da na ji su a lasifika. Sannan na karanta na jan biro.

Na rufe littafin. Sai Alhaji Salahuddeen na Mabai, wanda ba a taɓa gama magana bai sa baki ba, ya ce, "To Malam, in ba shi ba ne, wa ya riƙe ta?"

Na buɗe baki, wallahi ban san abin da zai fito ba. Kakanki ya riga ni. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Gara ta cinye ta, Salahu. Kai ka ga gara a kotu? Shamsu, ci gaba, tuwo na hucewa." Aka yi dariya, aka wuce. Na ga tsofaffi biyu ba su yi dariyar ba.

Da aka watse na je na durƙusa gabansa. Na shirya magana mai tsawo, tun a mota nake tsara ta. Ya lalubo kaina, ya taɓa hular, ya ce, "Audu, an ce ka yi hurhura." Ya ce in kama shi mu tafi masallaci, la'asar ta yi. Na kama shi. Bai bar ni na faɗi ko jimla ɗaya ba, duk hanya labarin farashin taki yake ba ni.

Kada ki ɗauka na samu natsuwa. Shekara arba'in da uku kullum na farka na san wanda ya hana ni zama abin da ya kamata in zama. Yanzu na farka babu kowa. Kafin in baro Ruwan Godiya na je maƙabarta wurin Inna, da tambayoyi cike da baki. Na tsaya har rana ta yi sanyi. Addu'a kawai na iya yi mata, na juyo.

Ga naki kwafin. Shi ne na tamanin, hannu ya riga ya gaji, layukan sun karkace. In 'ya'yanki sun girma ki ba su shafin su karanta duka, da baƙin da jan. Kada ki tsallake musu baƙin don ki rufa mini asiri.

Kakanki,
Abdulƙarim.